Likitan da Ya Hana Malam Attahir Ruwa

Da hantsi Zuhaira ta shigo zaure da faranti, ta durƙusa ta ajiye a gaban surukinta. Rabin kofin shayi ne da yankan buredi mai faɗin tafin hannu. Malam Attahir ya leƙa cikin kofin, ya karkata shi ta nan, ya karkata shi ta can.

"Sannu, ƴata. Wannan na sha ne, ko na ɗigawa a ido?"

Zuhaira ta sunkuyar da kai. "Haka maigida ya ce a ba ku, Baba. Ya ce cikinku ba ya son abu mai yawa."

"Cikina ne ya gaya masa? Ni da nake kwana da shi ina tashi da shi, bai taɓa yi mini wannan zancen ba."

Ta rufe baki da gefen mayafi, ta tashi ta fita da sauri.

Tun bayan damina gwiwoyin Malam Attahir suka ƙi ɗaukarsa. Makewayin gidan yana can ƙarshen tsakar gida, bayan turken awaki, amma a wurinsa ya yi nisan Agadas. Suruka ba ta kai uban miji bayan gida, wannan ko a mafarki. Saboda haka ɗaukar ta faɗa kan ɗansa Hashimu. Da farko Hashimu yana yi da fara'a, har yana ɗaga murya yana cewa "A hankali, Baba," yadda maƙwabta za su ji ta kan katanga. Amma mutum ne mai ilimi, ya iya haɗa wannan da wancan. Ya lura ranar da tsohon ya sha fura da nono, ya ci wake, ana kiransa. Ranar da aka ba shi farar shinkafa da ruwa kaɗan, sai Hashimu ya wuni ba wanda ya tashe shi daga kujera.

Fura ce ta fara ɓacewa. Wake ya bi ta. Tuwon gero da miyar kuka suka koma abin da ake jin ƙamshinsa daga madafa kawai. Tulun ruwan da ke kusa da shimfiɗarsa aka ce yana jawo sauro, aka ɗauke. A madadinsu Hashimu ya riƙa shigowa da kwalin biskit daga butiki, wato kanti, yana riƙe da shi a gaba yadda duk mazauna bakin titi za su gani, su ce Allah ya yi wa ɗan nan albarka.

Abin dariyar shi ne aikin Hashimu. Ma'aikaci ne a wani furoje, wato shirin taimako, na abinci mai gina jiki, yana yawo ƙauyukan Olelewa da Tarka yana koya wa mutane abin da za su ci. Wata safiya ya tsaya a tsakar gida yana gwada jawabinsa, awaki na sauraro.

"Jama'a, lafiyar tsoho a cikinsa take! In ciki ya tsaya, komai ya tsaya. Ku ba tsofaffinku ruwa ko ba su roƙa ba. Ku ba su nono mai tsami, akwai wasu ƙananan halittu a cikinsa waɗanda ido ba ya gani, su ke gyara hanji. Ku ba su zogale, ku ba su wake, ku ba su gero da dusarsa. Ku fito da su su motsa jiki!"

Daga zaure aka fara tafi.

"Madalla da malamin ciki! A wane ƙauye za a raba? In sa a kai ni can a amalanke."

Hashimu ya leƙo. "Baba, wannan na mutanen da ke tafiya da ƙafarsu ne." Da ya ji abin da bakinsa ya faɗa, sai ya yi sauri ya gyara. "Ina nufin kowane jiki da irin nasa. Kai likita ne ya ce ka rage."

"Wane likita?"

"Ba ka san shi ba."

"Shi ya san ni?"

"Na yi masa bayaninka ta waya."

Malam Attahir ya gyaɗa kai. "Lalle gwani ne. Ka gaishe shi."

Ya yi dariya bayan Hashimu ya fita, amma dariyar ta tsaya masa a ƙirji. Kwana da kwanaki ke nan cikinsa bai motsa ba. Ya kumbura, ya yi tauri, in ya ƙwanƙwasa shi da yatsa sai ya ji amo kamar na tulu. Ya san dalili sarai. Abin da ba zai iya ba shi ne ya kira mutumin waje ya ce ɗana yana hana ni ruwa don kada ya kai ni bayan gida. Wannan maganar in ta fita, ba Hashimu kaɗai za ta tsiraita ba, har da wanda ya haife shi.

Ranar kasuwar Tanut tsohon abokinsa Rissa ya biyo gaisuwa. Makiyayi ne daga Tenhiya, dogo, siriri, rawani ya rufe masa rabin fuska. Ya zauna ya dubi abokinsa da kyau.

"Attahir, fuskarka ta rame, cikinka ya yi gaba. Wata nawa ne?"

"Ban fara ƙirga ba, uban cikin ma ya musanta." Ya yafito shi da hannu, ya rage murya. "Rissa, aike zan yi maka. In ka shiga kasuwa, duk wanda ya san ni ka ce masa Attahir yana son a yi ban kwana."

Rissa ya zaro ido. "Subhanallahi! Mutuwa za ka yi?"

"Kai ba za ka yi ba? Ban ce gobe ba. Ka ƙara da cewa ba abin da yake marmari sai fura da nono. Wanda ba shi da su, ya zo da kwaɗon zogale. Kunun tsamiya ma ana karɓa."

Rissa ya daɗe yana kallonsa. Ya dubi faranti da ɓurɓushin biskit, ya dubi gurbin tulun da ya bar zane a ƙasa. Ya tashi ya gyara rawani, kafaɗunsa suna rawa da dariyar da yake dannewa.

Kafin la'asar zaure ya cika. Tsofaffin abokan fatauci, limamin unguwa, matan da suka san marigayiya matarsa, kowa da ƙwarya ko kwano. Hashimu ya dawo daga buro, wato ofis, ya tarar da takalma jere a ƙofa, ya tarar da mahaifinsa a tsakiyar mutane, ƙwaryar fura a cinya, ludayi yana kai da komowa.

"Baba, likita fa ya ce..."

"Hashimu," in ji liman cikin tausasa murya, "mai shirin tafiya ba a hana shi abin da ransa ke so."

Malam Attahir ya lumshe ido kamar wanda numfashi ke yi wa wuya, ya ce da muryar mai jinya, "Ku yafe mini, jama'a. Miƙo mini zogalen can."

Aka yi ta yafe wa juna. Wata tsohuwa ta yi kuka har da majina. Washegari wasu suka sake zuwa, saboda an ce ban kwanan bai ƙare ba.

Sakamako ya zo da safe, daidai lokacin da Hashimu ya fito cikin sabuwar shadda mai sitaci, motar buro tana ƙofar gida tana hon, za su tafi taro da manyan furoje.

"Hashimu!"

"Baba, yanzu?"

"Ba ni ba ne. Ƙananan halittun nan naka ne da ido ba ya gani. Sun kama aiki."

Hashimu ya ɗauke shi ya ratsa tsakar gida, akuya ta kama gefen shaddar tana tauna. Ya tsaya a bakin makewayi yana duba agogo, mota tana ta hon. Da suka dawo zaure ya ajiye shi, ya kai ƙofa ke nan, sai ya ji an sake kira.

"Sun ce ba su gama ba."

Ranar Malam Attahir ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Ya tashi kansa wasai, har ya yi ta waƙa ƙasa-ƙasa. Hashimu kuwa ya isa taro a makare, shadda duk ta yamutse, shefinsa, wato shugabansa, ya yi masa magana a gaban mutane.

Da yamma ya dawo fuska a murtuke. Ya ce zaure yana da iska, iska ba ta da kyau ga tsoho. Ya ɗauki mahaifinsa ya kai shi ɗakin baya, inda ake ajiye buhunan dusa, mai taga ɗaya ƙarama can sama. Duk wanda ya yi sallama da ƙwarya, sai a tare shi a ƙofa a ce likita ya hana baƙi, a karɓi ƙwaryar a yi godiya. Malam Attahir yana jin muryoyinsu daga nesa, yana jin ƙarar ludayi a tsakar gida bayan sun tafi.

Ta tagar nan ya ji Zuhaira tana magana da mijinta.

"Maigida, da ka samo wani ya riƙa taimaka maka da ɗaukar Baba. Ko kuma a kai shi wurin Yaya Radiya a Olelewa ya kwana biyu."

"In kawo bare ya riƙa ɗaukar ubana ina raye? Ko in kai shi gidan suruki, a ce Hashimu ya kasa riƙe mahaifinsa? Kin san yadda ake ganina a garin nan?"

"To a ƙara masa ruwan mana."

"Ke za ki ɗauke shi?"

Da Zuhaira ta kawo shayi washegari, ba ta yarda sun haɗa ido da tsohon ba. Ta ce, "Ni abin da aka ce nake yi, Baba," alhali bai tambaye ta ba.

Saura dabara ɗaya. Ana kawo masa buta kowace salla. Sai ya riƙa jiƙa hannu ya shafa abin da ya wajaba da ɗan kaɗan, sauran ya kafa bakin butar a bakinsa ya shanye, yana neman gafarar Allah tsakanin kurɓi da kurɓi. Ruwan yana warin roba, yana da ɗumi, amma a wurinsa ya fi zuma. Abin ya tafi daidai har ranar da Hashimu ya shigo ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Baba, ina ruwan alwalar yake zuba? Ban ga danshi ba."

"Zafin Tanut ne. Ƙasa tana shanyewa tun kafin ya sauka."

Da azahar ba a kawo buta ba. Hashimu ya shigo da wani dutse mai santsi, ya ajiye kusa da matashi.

"Na tambayi malamai, sun ce mara lafiya taimama ta ishe shi. Addini ya yi maka sauƙi, Baba."

Malam Attahir ya shafa dutsen. Wannan ne karo na farko da aka yi masa magana bai mayar ba.

Daga nan kwanakin suka zama iri ɗaya. Harshensa ya bushe ya yi kauri, biskit yana manne masa a dasashi. Leɓɓansa suka tsattsage. Ciki ya sake ɗaurewa, wannan karon da murɗa mai sa shi cizon gefen bargo don kada a ji nishinsa. Ko shinkafar da ake kawowa ya daina taɓawa, aka ce ai ka gani, dama cikin ba ya son abinci. Yakan fara salla ya manta raka'ar da yake. Wani lokaci ya kira Zuhaira da sunan matarsa da ta rasu. Hashimu ya tsaya a bakin ƙofa ya girgiza kai, ya ce tsufa ne, ruɗewa ta fara, sai haƙuri. Kuma ba a sake tashinsa daga kujera ba.

Labarin ban kwana ya yi ta tafiya daga kasuwa zuwa kasuwa har ya isa Olelewa, ya tarar da Radiya, babbar ƴar Malam Attahir, tana sussukar gero. Ta bar taɓarya a turmi ta hau motar farko. Ta iso da rana tsaka, gorar nono a hannu, ƙafafu duk ƙura.

Zuhaira ta tare ta a tsakar gida. "Sannu da zuwa, Yaya. Sai dai likita ya hana baƙi."

"Baƙi? A gidan ubana?"

Ta wuce ta gefenta ta tura ƙofar ɗakin baya. Warin da ya fito ya sa ta ja da baya, sannan ta shiga. Ta tarar da shi a naɗe, ya yi amai a gefen tabarma, idanu sun faɗa, ciki a kumbure kamar an hura salka. Ta kira shi, ya buɗe ido ya dube ta bai gane ta ba. Radiya ba ta yi kuka ba. Ta fita titi ba mayafi ta tare mai amalanke, maƙwabta biyu suka taimaka aka ɗora shi, suka nufi asibiti.

Majon asibitin, wato shugabar masu jinya, wata mace ce mai suna Mu'minat, gajeriya, ba ta da yawan magana. Ta danna cikin, ta ja fatar bayan hannunsa ta ga ta tsaya ba ta koma ba, ta sa aka ɗaura masa ƙarin ruwa nan take. Hashimu ya iso a guje daga buro, yana share gumi, yana gaisawa da mutane hagu da dama. Sai da leda ta kusa ƙarewa Malam Attahir ya buɗe ido sosai, ya bi ɗakin da kallo, ya ga gadaje cike da majinyata da masu jinyarsu.

Majo ta juya wurin Hashimu. "Malam, yaushe rabonsa da bayan gida?"

Hashimu ya sosa ƙeya. "To, an ɗan kwana biyu."

"Ƴar'uwarka ta ce matarka ta gaya mata likita ne ya hana shi ruwa da fura. Wane likita ne? Ina so in yi magana da shi."

Hashimu ya zaro waya ya shiga latse-latse. Ya ce lambar tana cikin tsohuwar wayarsa. Ya ce mutumin ya yi tafiya. Majo tana tsaye, hannu a ƙugu.

Wata murya ƴar siririya ta fito daga gado. "Madam, ki ƙyale shi. Likitan nan mai kunya ne, ba ya son a faɗi sunansa." Ya haɗiyi yawu da ƙyar. "Amma na san mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta. Mutuniyar kirki ce. Ni na aure ta."

Wani mai karyayyar ƙafa a gadon kusa ya fashe da dariya har yana riƙe ƙafar. Sauran ba su yi dariya ba, suka zuba wa Hashimu ido kawai. Majo ta kira ma'aikaci namiji, aka ja labule, aka yi wa tsohon abin da ake yi wa wanda cikinsa ya ɗaure har ya zama dutse. An daɗe a bayan labulen nan. Radiya tana tsaye a waje tana jin nishin mahaifinta, hawaye sai yanzu suka zo mata. Da aka yaye labule, ga shi kwance jiƙe da gumi, fuska ta saki.

"Baba, yaya jikin?"

"Ki aika wa Rissa," in ji shi. "Ki ce an sauka lafiya."

Ya ƙara kwanaki a asibiti. Majo ta ce a fara da kunu mai ruwa-ruwa, sannan nono, sannan tuwo mai laushi da miyar ganye, ruwa kuma kada ya yanke a kusa da shi. Ta ce da an ƙara jinkiri, da sai an kai shi Zinder an buɗe cikin, in ma ya kai. Ta kuma ce ƙodarsa ta ji jiki, ba lalle ta koma yadda take ba.

Ranar sallama Radiya ta ce Olelewa za ta tafi da shi. Suka tsaya ita da ƙanenta a gindin bishiyar da ke harabar asibitin.

"Yaya, me mutane za su ce? Ni ne namiji. Kuma can wa zai riƙa ɗaukarsa? Mijinki?"

"Ba wanda zai ɗauke shi. Maigidana Salisu ya riga ya huda kujera, ya haƙa rami a bayan ɗakin da zai zauna, ya kewaye da zana, ya ɗaura igiya a bango da zai riƙa dafawa. Tsakanin azahar da la'asar ya gama."

Hashimu ya kau da kai. "Ai ni ma na yi wannan tunanin. Aiki ne ya yi mini yawa."

"Na sani," in ji Radiya. "Kana ta yawo kana ceton tsofaffin mutane."

Motar Olelewa ta tsaya a bakin ƙofar asibiti. Ma'aikaci ya turo keken marasa lafiya, Hashimu ya ce a bar shi, shi zai ɗauki mahaifinsa da hannunsa, don harabar cike take da jama'a. Ya naɗe hannun riga, ya kafa ƙafa, ya tattaro ƙarfinsa kamar yadda ya saba, ya ɗaga. Sai ya yi taga-taga da baya har ya kusa faɗuwa. Abin da ke hannunsa bai fi damin kara nauyi ba.

Malam Attahir ya saƙalo wuyansa, ya kai baki saitin kunnensa.

"Ka ga maganin likitanka ya yi aiki. Na yi sauƙin ɗauka."

Hashimu ya taka har bakin mota, ya zaunar da shi kusa da taga, ya gyara masa hula. Radiya ta shiga ta zauna a gefensa, ta ɗora masa gorar ruwa a cinya.

Wata tsohuwa da ke zaune a kan benci tana jiran layi ta ga duk abin da ya faru daga nesa. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah ya ba mu ɗa mai ɗaukarmu haka in ƙarfi ya ƙare."

Malam Attahir ya cire murfin gorar, ya sha har ruwa yana bin gemunsa, sannan ya leƙo ta taga.

"Baiwar Allah," ya ce, "ki dai roƙi gwiwoyi."

Direba ya tada mota.